Zauren Masu Sauraro: Daga Ina Ake Fara Opera Mai Ban Dariya ta Italiya?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An raba mana aiki a darasin tarihin wasan kwaikwayo, ni rabona ya faɗa kan yadda opera mai ban dariya ta samo asali a Italiya, wadda suke kira opera buffa. Karatu dai na ɗan taɓa, amma ban taɓa zama na kalli ko guda ba. Don Allah wacce zan fara da ita? A tausaya wa datata.

Maman Hanifa: Wa'alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka, Auta. Nemi Il barbiere di Siviglia ta Rossini, wato Wanzamin Seville, ka kalli kashi na farko kawai. In ba ka yi dariya ba ka zo in biya ka kuɗin datar.

Malamin Adabi: Hajiya, yaron nan asali ya tambaya, kin ɗauke shi kin kai ƙarshen zance. Wanzamin Rossini na 1816 ne. Abin da ake nema ya girme shi da shekara ɗari da 'yan kai.

Maman Hanifa: Malam, in ya fara da tsofaffin can naka zai gudu tun ba a je ko'ina ba. Amma bismillah, fagenka ne.

Malamin Adabi: To bari in fara daga tushe. Opera kanta, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, ba wata tsohuwa can ba ce. A Fulorens aka fara ta wajen 1600, a fadojin masu mulki, don baƙin da aka gayyata. Monteverdi ya yi L'Orfeo a Mantuwa a 1607. Sai a 1637 aka buɗe gidan wasa na San Cassiano a Benis, inda duk mai kuɗin tikiti zai shiga. Da zarar mutum ya biya kuwa, dole ka ba shi abin da ransa ke so, mutanen Benis kuma suna son dariya. Shi ya sa a operar ƙarni na 17 za ka ga sarki yana kukan mulkinsa, yana ficewa sai ga bara mai in'ina ko tsohuwar mai reno tana neman saurayi. Dubi L'incoronazione di Poppea ta Monteverdi, 1643. Labarin Nero ne, kisa da cin amana, amma a ciki akwai Arnalta mai reno, wadda sau da yawa namiji ke fitowa a madadinta, tana murnar ita ma ta zama babbar mace tunda uwar ɗakinta za ta zama sarauniya.

Wannan cakuɗar ce ta ɓata wa malaman adabi rai. A 1690 suka kafa ƙungiyar Arcadia a Roma, suna ganin an zubar wa waƙar Italiya mutunci. Marubuta irin su Apostolo Zeno, daga baya kuma Metastasio, suka share barori da tsofaffin mata daga cikin wasan. Abin da ya rage shi ake kira opera seria: kashi uku, sarakuna da jaruman Girka da Rum, kowa ya fito ya rera doguwar waƙarsa shi kaɗai, a tafa masa, ya fice. Sai dai 'yan kallo ba su daina son dariya ba don wasu sun kafa ƙungiya. Masu gidajen wasa suka riƙa cusa ɗan gajeren wasan barkwanci tsakanin kashi da kashi, shi ne intermezzo. Ra'ayina, Auta, korar da aka yi wa dariya ita ta sa ta gina gidan kanta. In ka riƙe wannan ka riƙe rabin aikinka.

Saboda haka fara da La serva padrona ta Pergolesi, 1733. Ba ta kai awa guda ba, mawaƙa biyu ne da bebe ɗaya.

Baban Sadiq: Wato kamar 'yan kama a gidan biki, su shigo su yi shiririta kafin manyan makaɗa su huta su dawo.

Malamin Adabi: Kusan haka, Alhaji. Bambancin dai a nan mai tsara kiɗan guda ne. Babbar operar da aka cusa ta a ciki, Il prigionier superbo, ita ma ta Pergolesi ce. Yau in ba masu bincike ba, ba mai tuna ta.

Ɗan Auta: Malam, mene ne labarin? Don in san abin da nake kallo.

Maman Hanifa: Wannan ni zan ba ka, don na fi Malam iya gulma. Wani tsohon tuzuru ne mai kuɗi, Uberto, da 'yar aikinsa Serpina wadda ya rena tun tana ƙarama har ta fi ƙarfinsa. Wasan na buɗewa yana masifa ya yi awa uku yana jiran kofin cakulan bai zo ba. Ta fito ta ce masa lokacin cakulan ya wuce, kuma yau ba inda za shi, za ta ma kulle ƙofa. Ya ce to shi aure zai yi ya huta da rashin kunyarta. Ta ce madalla, ita zai aura. Da ya ƙi, sai ta sa ɗaya baran gidan, Vespone, wanda ba ya furta ko kalma a duk wasan, ya yi shigar soja, wai shi ne Kyaftin Tempesta mai neman aurenta. A al'adarsu ɓangaren amarya ke biyan dukiyar aure, sai ta ce kyaftin na neman sukudi 4,000, kuɗinsu na lokacin, daga Uberto, in ba haka ba sai dai shi Uberton ya aure ta da kansa, ko a yi gunduwa-gunduwa da shi. Ka san tsoho da kuɗinsa.

Baban Sadiq: Allah ya raba mu da irin wannan 'yar aikin.

Maman Hanifa: Alhaji, ai tsohon ma yana so, kunya ce ta hana shi faɗa. Akwai wurin da yake tambayar kansa ko tausayi ne ko so ne.

Anti Saratu: Auta, ni ta ɓangaren murya zan shigo, tunda shekaruna da yawa ina koyar da mawaƙan cocinmu. Sa iyafis ka lura da abu biyu. Na farko muryar Uberto bes ce, mai kauri. A opera seria ta wancan zamani manyan taurari su ne mazan da aka dandaƙe tun suna yara don muryarsu ta zauna siririya, irin su Farinelli, shi ma a Napoli ya yi karatu. Mai bes kuwa sai dai a ba shi ɗan guntun matsayi. Barkwanci ne ya ɗaga shi, har aka samu abin da suke kira basso buffo, mai zuba kalmomi da gudu kamar zai shaƙe, yana maimaita guntun jimla ɗaya sau da yawa don haushi ya hana shi ƙarasa tunani.

Na biyu, nemi waƙar da Serpina ke yi a kashi na biyu tana masa ban kwana, wai wata rana zai tuna da ita. Kiɗan a hankali yake, kamar za ta yi kuka. Sai kwatsam ya juya ya yi sauri, ta karkato wajen 'yan kallo tana cewa da alama dabarar ta fara cinsa, sannan ta koma kukan ƙarya. Ka ga kiɗa ya zama shi ne wasan kwaikwayon. A seria waƙa guda hali guda take ɗauka daga farko har ƙarshe, ko ta fushi ce ko ta baƙin ciki, mai rerawa ya ƙawata ta yadda ya ga dama. A nan kuwa mutum guda na da fuska biyu a cikin minti ɗaya. Kayan kiɗan ma ba su da yawa, masu tsirkiya ne kawai da harfsikod, kakan fiyano.

Ɗan Auta: Na gode Anti. To in rubuta cewa ita ce ta farko ke nan?

Na-Napoli: A'a fa! Kada ka rubuta haka. Yanzu na taso daga aiki na tarar ana raba gadon garin da nake zaune ba a kira ni ba. In ka faɗi haka a nan Napoli tsofaffin masu son kiɗa za su yi maka ca. Malam ya faɗi hanya ɗaya, intermezzo, kuma ko ita ta girmi Pergolesi, don Albinoni ya yi Pimpinone a Benis tun 1708, labarin ma kusan ɗaya ne, 'yar aiki ta auri tsohon maigidanta. Amma akwai hanya ta biyu, cikakken wasa mai kashi uku da ke cin dare guda shi kaɗai, ba a raɓe da kowa ba. Ita a nan aka haife ta. A 1709 gidan wasa na Fiorentini ya sa Patrò Calienno de la Costa, kiɗan Antonio Orefice, da yaren Napoli zalla. Jama'a suka karɓa, gidan ya mai da abin sana'arsa. Zuwa 1724 an buɗe ƙarin gidaje biyu masu irin wannan harka, Teatro Nuovo da Teatro della Pace.

Kiɗan waɗancan na farko ya ɓace, rubutun wasan kawai ya rage. Mafi tsufa mai yaren Napoli da ta iso mana cikakkiya ita ce Li zite 'ngalera ta Leonardo Vinci, 1722. Ba mai zanen nan ba ne fa, wani ne daban, shi makaɗi ne ɗan Kalabiriya. Labarin a Vietri yake, bakin teku. Wata budurwa Belluccia ta yi shigar maza ta biyo saurayin da ya yaudare ta, sai matan garin suka faɗa sonta, har da wata tsohuwa Meneca wadda namiji mai muryar tena, wadda ta fi bes siranta, ke fitowa a madadinta. Akwai wanzami, akwai yaron shagonsa, akwai kyaftin ɗin jirgin ruwa. Antonio Florio da ƙungiyarsa ta Cappella de' Turchini sun naɗe ta, ita nake ba ka shawara.

Maman Hanifa: Ka ga irin abin da nake gudu. Yaro ya ce a tausaya wa datarsa, an ba shi kashi uku da yaren da ko Italiyawa ba sa ji.

Na-Napoli: Hajiya gaskiyarki ta nan, ɗan Milan ma sai an fassara masa. Ni kaina da na zo da ɗan Italiyancin da na koya, na shiga kasuwa na ji kamar wata ƙasa aka sauke ni. Amma yaren shi ne maganar. Sarakunan seria da Italiyancin littafi suke waƙa. Waɗannan kuwa da bakin mai sayar da kifi, kuma wanda ya biya tikiti yana jin muryar unguwarsu a kan dandamali. Ko minti goma ya saurara ya ji yadda take.

Malamin Adabi: Na yarda da kai, kuma ka cike gurbin da na bari. Sai dai in ƙara cewa yaren bai daɗe yana mulki shi kaɗai ba. Tun 1718 Alessandro Scarlatti ya kawo Il trionfo dell'onore a wannan gida na Fiorentini da Italiyancin kowa da kowa. Daga baya aka saba raba abin: masoya 'yan gidan mutunci su yi Italiyanci, barori da tsofaffi su yi yaren gari. Haka Pergolesi ya yi a Lo frate 'nnamorato, 1732. Da yaren ya tsaya kankankan, da abin bai fita Napoli ba.

Na-Napoli: Lo frate ɗin akwai wadda Riccardo Muti ya jagoranta a La Scala, gidan opera na Milan, a 1989, an ɗauke ta a bidiyo. Shi ma Muti haifaffen Napoli ne.

Ɗan Auta: Yaya, me ya sa Napoli? Me ya sa ba Roma ko Benis ba?

Na-Napoli: Gari ne mai cunkoso, a lokacin yana cikin mafi girma a Turai, bayan Landan da Faris. Sannan yana da makarantun kiɗa huɗu waɗanda asalinsu gidajen marayu ne, ana koya wa yara waƙa da kiɗa su riƙa yi a coci da jana'iza suna samo wa gidan kuɗi. Pergolesi a ɗaya daga ciki ya yi karatu, Poveri di Gesù Cristo. Kowace shekara ana yaye matasan da ke neman inda za su gwada hannunsu, ƙananan gidajen wasa kuma na neman mai arha. Babban gidan sarauta, San Bartolomeo, shi ke da seria da tsadaddun mawaƙa. Shi ne aka rufe bayan Sarki Carlo na gidan Bourbon ya buɗe San Carlo a 1737, aka mai da wurin coci. Fiorentini kuwa bama-baman yaƙin duniya na biyu ne suka rushe shi. In ka zo yawon gani da ido, San Carlo za a kai ka, amma ba can aka haifi dariyar ba.

Baban Sadiq: Ni fa akwai abin da na taɓa ji, wai wani Fafaroma ne ya fara rubuta irin wannan. Gaskiya ne ko zancen shayi?

Malamin Adabi: Akwai ƙamshin gaskiya, Alhaji. Giulio Rospigliosi, wanda ya zama Fafaroma Clement na 9 a 1667, shi ya rubuta baitocin Chi soffre speri, aka yi ta a fadar iyalan Barberini a Roma a 1637, aka sake ta da gyara a 1639. A ciki akwai barori masu barkwanci da yaren garuruwansu. Wasu littattafai na kiranta ta farko. Ni dai ban ɗauke ta mafari ba, don ba ta haifi zuriya ba. Biki ne na manya, an yi an watse. Salo ba ya kafuwa sai an samu gidan da ke sa shi kaka bayan kaka, da marubutan da ke ci daga gare shi, da 'yan kallon da suka san abin da suka zo gani. Wannan sai a Napoli. Auta, ambace ta a layi biyu ka wuce.

Abin da ba za ka wuce ba shi ne commedia dell'arte, wasan 'yan yawo masu rufe fuska da ya karaɗe Italiya tun ƙarni na 16. Daga can aka ɗebo mutanen: Pantalone tsoho marowaci, Dottore mai ilimin baki, Capitano soja matsoraci mai cika baki, Colombina 'yar aiki mai wayo. Sake duba labarin da Hajiya ta ba ka, za ka ga uku daga cikinsu.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Ku ba ni dama in kawo ɓangaren Faransa, tunda mu da Faransanci muka yi boko kuma Rousseau dole ne a makarantunmu. Dalilin da ya sa kowa ke zaton La serva padrona ce ta farko, a Faris yake. Pergolesi ya rasu a 1736 yana da shekara 26. An taɓa yin wasan a Faris a 1746 ba wanda ya kula. Sai ran 1 ga Agusta 1752 wata ƙaramar ƙungiyar Italiyawa ta Eustachio Bambini ta sa shi a babban gidan opera na sarki, gari ya kama da wuta. Shi ne rikicin da ake kira Querelle des Bouffons. Masu goyon kiɗan Faransa, na Lully da Rameau, suna taruwa a ƙarƙashin mazaunin sarki, masu goyon Italiyawa a ƙarƙashin na sarauniya. Aka yi ta jifan juna da ƙasidu har shekara biyu. Rousseau ya fitar da wasiƙarsa kan kiɗan Faransa a 1753, ya rufe ta da cewa Faransawa ba su da kiɗa kuma ba za su iya samu ba. Gidan operar ya soke masa izinin shiga kyauta. A 1754 Italiyawan suka tattara suka tafi.

Shawarata ga Auta, in kana da mai karanta maka Faransanci, wasiƙar na nan kyauta a intanet. Son kai ya yi mata yawa, don shi ma Rousseau ya tsara tasa 'yar operar, Le Devin du village, a 1752. Amma za ka ga abin da mutanen zamanin suka ji sabo ne: waƙa mai sauƙi da ke bin yadda mutum ke magana.

Baban Sadiq: Duk wannan rigima a kan kofin cakulan.

Ɗan Damagaram: Alhaji, opera ta Faransa kayan fada ce tun zamanin Louis na 14. Wanda ba ya iya sukar sarki a fili yana iya sukar kiɗan sarki. Yawancin masu goyon Italiyawan su ne mutanen Diderot masu rubuta Encyclopédie.

Anti Saratu: Kafin ku wuce da yaron Faransa, akwai babban abin da ba a taɓo ba, kuma a wurina shi ne kyautar da buffa ta ba duniyar kiɗa. Rufewar kashi, finale. Wannan sai an koma Benis, wajen Carlo Goldoni marubuci da Baldassare Galuppi mai tsara kiɗa, ɗan tsibirin Burano. Sun fara aiki tare da L'Arcadia in Brenta a 1749, wadda ta fi shahara kuma Il filosofo di campagna ce, 1754. A da, labari na tafiya ne a cikin wannan rabi zance rabi waƙa da harfsikod ke bi, in an zo waƙa sosai sai labari ya tsaya cak. Su kuwa suka ce a ƙarshen kashi kada kiɗa ya tsaya kuma kada labari ya tsaya. Wannan ya shigo, a canza sauri, wancan ya shigo da sabuwar matsala, a canza sauti, har dandamali ya cika kowa na faɗin nasa a lokaci guda kuma duk ya dace. Seria ba za ta iya wannan ba, don tauraronta ba ya yarda wani ya haɗa murya da shi ya rufe shi.

In kana son ganin inda abin ya kai, nemi ƙarshen kashi na biyu na Le nozze di Figaro ta Mozart, 1786. Wajen minti ashirin ne ba tsayawa. Ya fara da mutum biyu, miji na zargin matarsa ta ɓoye namiji a ɗakin kaya, aka buɗe sai ga 'yar aiki, sai Figaro, sai mai lambu da ƙorafin wani ya diro ta taga ya tattake masa furanni, a ƙarshe mutum bakwai ne ke waƙa. Shi kaɗai ka nema, ba sai ka sauke duk operar ba.

Maman Hanifa: Anti ta zo inda nake so. Saura ƙiris a iso Rossini.

Malamin Adabi: Saura tasha ɗaya, Hajiya, ki yi haƙuri. 1760, Roma, La buona figliuola ta Niccolò Piccinni, wadda aka fi sani da La Cecchina. Baitocin na Goldoni ne, ya ɗauko daga littafin Pamela na Baturen Ingila Samuel Richardson. A nan hawaye ya shigo cikin barkwanci. Marainiya ce mai aikin lambu, maigidan mai sarauta yana sonta, danginsa sun ƙi. Kuma saboda a Roma, birnin Fafaroma, an hana mata hawa dandamali, maza ne suka yi duk matsayin matan a wasan farko. Abin lura gare ka, Auta: a littafin Ingilishi yarinyar talaka ce har ƙarshe kuma ta auri maigidan. Goldoni ya san masu sarautar Italiya ba za su haɗiyi wannan ba, sai ya sa a ƙarshe aka gano ashe 'yar wani basaraken Jamus ce da ta ɓata tana jaririya. Kada ka yarda da masu cewa buffa juyin juya hali ce tsantsa. Tana yi wa manya dariya, amma ta san iyakarta.

Maman Hanifa: Serpina fa? Ita ai ba a gano mata wani uba basarake ba.

Malamin Adabi: Shi ma Uberto ba basarake ba ne, mai kuɗi ne kawai. Ba jinin da za a ɓata.

Ɗan Damagaram: Ni a nan ina tare da Hajiya kaɗan. Ko ba jini, mace mai wanke-wanke ta juya mai gida da wayonta a gaban jama'a, kuma kiɗan na bayanta. Wasan Beaumarchais da Mozart ya ɗauko Figaro daga ciki ai an hana yin sa a Biyana, sai da Da Ponte, marubucin baitocin operar, ya rage masa kaifi.

Maman Hanifa: To yanzu a ba ni fili. Auta, bayan ka gama da na su Malam, ga lada. Il matrimonio segreto ta Cimarosa, Biyana, Fabrairun 1792. Sarki Leopold na 2 ya ji daɗinta har ya sa aka ciyar da mawaƙan, aka maimaita ta daga farko a daren. A wannan watan kuma aka haifi gwanina Rossini, ran 29 ga wata. Wanzamin nasa ma da aka fara shi a gidan Argentina na Roma ihu aka yi masa, don Paisiello ya riga shi yin labarin a Rasha tun 1782 kuma yana da magoya baya. Yau wa ke neman na Paisiello? Sannan La Cenerentola, 1817. Akwai fim ɗinta na Jean-Pierre Ponnelle, Claudio Abbado na jagorantar kiɗa, ana samun sa da fassara a ƙasan allo. Ita ce nake sa wa yarana.

Baban Sadiq: Wadda aka yi a Aljeriya fa? Na ga sunanta a jerin Rossini.

Ɗan Damagaram: L'italiana in Algeri, 1813. Kiɗan gwanin daɗi, musamman ƙarshen kashi na farko inda kowa ya rikice har kalmomi suka ƙare, wannan na cewa din din, wancan bum bum. Amma ka shiga da saninka. Mustafa, mai mulkin Aljiyas, wawa aka mai da shi, Ba'italiya ta zo ta yi wasa da hankalinsa ta kwashe bayinsa ta gudu. Haka Turai ke zana Musulmin Arewacin Afirka a lokacin, shekara 17 kafin Faransa ta mamaye ƙasar. Ba zan ce kada a kalla ba, amma ba da ita zan fara wa baƙo ba, kuma ba ta cikin tambayar Auta.

Anti Saratu: Gargaɗi biyu kafin ka shiga YouTube. Paisiello ma ya sa wa La serva padrona nasa kiɗan a 1781, baitoci kusan ɗaya, suna ɗaya. Duba da kyau ka ga an rubuta Pergolesi. Na biyu, bayan rasuwar Pergolesi sunansa ya zama abin kasuwa, masu buga takardun kiɗa suka riƙa liƙa shi a kan ayyukan wasu. Har Stravinsky da ya tsara Pulcinella a 1920 yana zaton duk na Pergolesi yake ɗiba, ashe wani kaso na Domenico Gallo ne da wasu, ko da yake abin da ya ɗauko daga Lo frate 'nnamorato da Il Flaminio na gaske ne. Kada ka kafa hujja da wata waƙa don kawai ka ga sunansa a kai. In kana karanta alamomin kiɗa, takardun Serva suna shafin intanet na IMSLP kyauta.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na sauke Serva da daddare lokacin garaɓasar data, na duba, ta Pergolesi ce. Tambaya ɗaya ta rage. In malaminmu ya ce in faɗi shekara guda da aka haifi opera buffa, me zan ce?

Malamin Adabi: Ka ce 1709 a Fiorentini, sannan ka yi bayanin dalilin da ya sa wasu ke cewa 1733.

Ɗan Damagaram: Ka ƙara da cewa Faris ba ta kula da ita ba sai 1752.

Na-Napoli: Akwai ma La Cilla ta Michelangelo Faggioli da aka yi a gidan wani basarake a nan Napoli kafin 1709, da yaren gari ita ma, amma ta 'yan gayyata ce kuma kiɗanta ya ɓace. In malamin naku mai bin diddigi ne ka ajiye ta a aljihu. Sannan in ka saurari Li zite ka maƙale a wani wuri, turo min mintin da ka tsaya. Akwai wani dattijo mai gyaran takalma a layinmu, yaren nan a bakinsa yake, zan kai masa ya warware mana.

Maman Hanifa: Ni kuma ina jiran rahoton Wanzami. Kashi na farko kawai na ce, kuma tayin kuɗin data bai shafi Vinci ba.